Garin da Ke Cikin Takarda

Yayan matata ne ya raba ni da ita, da takardar da na sa wa hannu da kaina. Ban sake ta ba, ban taɓa dukanta ba, ba ta taɓa kwana da yunwa a ɗakina ba. Duk wanda ya faɗa muku wani abu daban ƙarya yake yi, ko da rawani a kansa.

Garinmu yana bakin gulbi, sama da Maradun. Ita bazawara ce, mijinta ya rasu ta komo gida tana kula da uwarta, Inna, wadda idanunta sunka mutu. Na ce ina so, ta ce tana so. Ubansu ya daɗe da rasuwa, yayanta shi ne waliyyi. Tare munka tashi da shi, tare munka yi su a gulbin nan tun ba mu san wando ba. Ɗan boko yake ce mani, don na yi aji huɗu kafin ubana ya cire ni ya ba ni fartanya.

Da na je neman aure sai ya ce, “Ɗan boko, na ba ka, amma da sharaɗi. Ba za ka fitar da ita daga garin ga ba. Ran da ka fitar, al'amarinta na hannunta, in ta so ta zauna, in ta so ta kama gabanta.”

Na yi dariya. In je ina? Gonata tana nan, kabarin ubana yana nan. Na ce a kira liman ya shaida. Ya ce a'a, liman mutuwa yake yi, a rubuta a kai kotu a buga hatimi. Mutanen gari har ba'a sunka yi mana, wai aure da takarda kamar lasin keke. Ni kuwa, in faɗi gaskiya, abin ya yi mani daɗi. Karatuna ya samu aiki.

A lokacin masu awon madatsar ruwa sun riga sun fara kafa turaku masu jan fenti a gonaki. Mu jakai muke ɗaurewa a jikinsu. Yayanta kuwa shi ne ke riƙa masu sandar awo, yini yake yi da su. Ya san inda ruwa zai kai. Har gobe ba wanda zai sa in yarda bai sani ba.

Munka hau kekuna zuwa Maradun da shaidu biyu. Magatakardan kotu ya rubuta, ya sa sunan garinmu ɓaro-ɓaro, ya karanta mana. Ya dube ni ya ce, “Ka ji abin da ke ciki?” Na ce ba ji kaɗai ba, karantawa zan yi. Na karɓa na bi da yatsa har ƙarshe. Ya lashi kan sarki ya manna, na sa hannu a kai da alƙalami, har da wata lanƙwasa da na koya wurin malaminmu. Yayanta ya dangwala babban yatsa. Anka buga hatimi, anka ba shi ɗaya, anka ba ni ɗaya.

Damina uku munka yi lafiya lau. Gida uku ne tsakaninmu da Inna. Kullum da safe ta kai mata koko, ta yi mata wanka, ta tsefe mata kai ran Juma'a. Ban taɓa cewa don me ba. Matar yayan tana cikin gidan nan zaune, ko buta ba ta miƙa wa tsohuwa.

Sai anka datse gulbi, ruwa ya taso. Anka kwashe mu a manyan motoci da tukwane da kaji, anka zube mu a kan wani fako, tsakuwa zalla. Dagaci ya zo, liman ya zo, anka kafa allo a bakin hanya da sunan garinmu, anka ƙara Sabon a gaba. Na shuka gero damina biyu, bai wuce gwiwa ba. Kana sara fartanya tana wuta.

Baffana da ke Damri, can ƙasar Bakura, ya aiko ya ce in zo, yana da gona da ta fi ƙarfinsa. Matata ta ce, “Mu tafi, amma da Inna.” Na ce ko ba ki faɗa ba. Na je na samu yayanta, na durƙusa kamar yadda ake yi wa babba, na ce, “Yaya, ka ba mu Inna mu tafi da ita. Ɗaki guda nata ne, ni zan yi mata da hannuna.”

Ya ce, “Ina raye a ce uwata na cin tuwon suruki? Kai ka tafi, ƙanwata tana nan.”

Na ce, “To matarka ta riƙe tsohuwa mana.”

Ya ce, “Matata ba ita ta sha nononta ba.”

Munka tafi mu biyu a kan za ta riƙa zuwa duba Inna, ni kuma in ci gaba da lallashinsa. Ko shuka ba mu gama ba sammaci ya iso.

A kotu yayanta ya fito da takarda daga cikin gwangwani, ko lanƙwasa ba ta yi ba. Alƙali ya ce, “Hannunka ne wannan?” Na ce nawa ne. Ya ce, “Ka fitar da ita daga garin?” Na ce, “Allah shi gafarta malam, wane gari? Garin da ke cikin takardar nan kifi ke kwana a masallacinsa. Ba ni na fitar da ita ba, mota ce ta fitar da mu duka, har da shi.”

Yayan ya ce gari ai mutane ne, inda dagaci da liman suke nan ne gari. Alƙali ya sake duba hatimi, ya ce maganar yayan ta fi kusa da gaskiya. Ban riƙe alƙali ba, abin da ya gani ya karanta. Sai ya juya gare ta ya ce al'amari na hannunta, ta zaɓa.

A nan ne yayanta ya yi mani abin da ba na mantawa. Ashe ya ɗauko Inna a jaki ya zaunar da ita a bakin ƙofar kotu. Zanen da matata ta ɗaura mata ran da za mu tafi, shi ne a jikinta, ba wanda ya wanke. Kai ya cukurkuɗe, ƙafafu sun yi fari fat. Da gangan ya bar ta haka. Tsohuwa ta ji murya ta ɗaga kai ta ce, “Ke ce? Kin komo?”

Matata ba ta dube ni ba. Ta ce, “Na zaɓi kaina.” Ba na ganin laifinta. Da ni ne, abin da zan ce ke nan.

Inna ta ƙara shekara huɗu. Bayan ta rasu ya aurar da ƙanwar tasa a Morai, ba takarda, ba hatimi, ba sharaɗi ko ɗaya. Ni ma na yi wani aure, wannan ba ruwanku.

Bara, ran Talata, ina zaune a kasuwar Mafara gaban albasata, sai ga yayan nata da furfura a gemu da sabuwar hula. Ya yi gaisuwa mai tsawo, gida, iyali, gajiya, na amsa masa duka don sallama ba tasa ba ce. Sai ya ce, “Ɗan boko, bana zan sauke farali. Ina zagayawa neman gafara. Abin da ya wuce a yafe.”

Na ce, “Aji huɗu na yi, amma na koyi abu ɗaya a wurinka. Ni ma da sharaɗi. Zan yafe maka a garin da ke cikin takarda, a ƙofar gidan ubanka, inda ka ce mani ka ba ni ita. Ba wanda ke kan allo ba, na ainihi. Ka san wurin, kai ka riƙe sandar awo. Ka yi nutso ka jira ni. Yanzu matsa, ka tare mani masu saye.”