Kawu Ilu Wa-Ya-Gani

Duk wanda ya zauna Matameye a zamaninmu ya san ba a kai wa Kawu Ilu labari a tafi salin-alin. Kana cewa "an ce", zai karkata hula ya ɗaga hannu: "Dakata. Wa ya ce? Shi da ya ce ɗin, ya gani?" Ko gaisuwa ce sai ka tauna ta. Ka ce mutanen gida lafiya lau, ya ce yaushe rabonka da su. Wai kuma wannan mutum shi ne mai shelar gari, wanda aikinsa ke nan a gaya masa ya faɗa! Har yau ina mamakin wanda ya ba shi gangar. Ƙanen mahaifiyata ne, kuma ba don halin nan nasa ba, da na yi takabar mutumin da har gobe yake cin tuwona yana cewa gishiri bai ji ba.

Kun tuna shekarun fari, lokacin mulkin soja, idon kowa na sama. Wata safiya wani mai jaki ya faɗo kasuwa yana ihu wai an kwana ana ruwa a Dungu kamar da bakin ƙwarya. Masu gonaki ta wajen suka fara kwance ɗan irin da suka ɓoye, aka ce Ilu ya buga shela.

Kawu ya dubi mai jaki. "Kai ruwan ya jiƙa ka?"

"A'a, a hanya aka gaya mini."

"Jakin fa?" Ya doki bayan jaki, ƙura ta tashi.

Da ƙafa ya tafi Dungu, ya dawo da la'asar da ƙasa ƙulle a bakin riga, ya zube ta gaban jama'a. "Ga ruwanku. Laimar iyakarta gaɓar yatsa. Wanda ya zuba irinsa a nan ya yi wa tururuwa sadaka."

Sai ranar da Kwamanda, sojan da ke riƙe da yankinmu, ya aika a kira shi. Ya ce a yi shela, gobe kamyo, wato babbar motar kaya, zai iso da hatsin taimako, mata su fito da kwanoni.

"Ranka ya daɗe, kamyon yana ina?"

"Yana hanya daga Damagaram."

"Ka gan shi?"

Tafinta ya ƙi fassarawa, gumi na keto masa. Ashe Kwamanda na jin Hausa. Ya buga tebur ya ce an bugo masa waya.

"To, wayar ta gani?"

Wallahi mun ɗauka kaso zai kwana. Aka dai tura shi waje da gangarsa, ya bi unguwa-unguwa yana cewa: "Jama'a! Kwamanda ya ce an ce masa hatsi na zuwa gobe! Ni dai Ilu ban gani ba!" Washegari kamyo ya iso kamar yadda aka faɗa. Kawu ya zura hannu cikin buhu, ya watsa a baki, ya tauna, ya sake ɗaukar ganga ba wanda ya sa shi: "Jama'a, na gani! Dawa ce, ja ce, kuma ba daɗi!"

A ranin nan ne maigidana Habu ya tafi cin rani Kano, yana sayar da ruwa a garuwa. Ya bar ni da cikin fari. Nijeriya ta rufe iyaka, aike ya yanke, damina ta kusa ba shi ba labarinsa. Rannan wani direba ya yi sallama a ƙofar gida ya ce sai haƙuri, Habu ya rasu a Kano. Surukata ta faɗi tana kuka. Kafin azahar tsofaffi sun kwance mini kitso, an shimfiɗa tabarmar takaba a ƙuryar ɗaki. Ni kuwa hannuna na kan cikina, ba abin da nake tunani sai ɗan da zai zo duniya maraya cikin yunwa.

Sai ga Kawu. Bai ko zauna ba ya tare direba.

"Kai ka wanke shi?"

"A'a, Malam Ilu."

"Ka bi sallarsa?"

"Mai shayin tashar Daura ne ya gaya mini."

"To mai shayi ne zai sa 'yata takaba?" Ya leƙo ɗaki ya ce, "Tashi daga tabarmar nan, Rabi. Ba ki zama bazawara ba sai na gani."

Gari ya ɗauka. Aka ce Ilu ya wuce gona da iri, har da mutuwa yake gardama. Masu zuwa gaisuwa ya tsaya bakin zaure yana mayar da su: "Ku ajiye ta'aziyyarku, ba ta ruɓewa." Surukata ta ce in ɗanta ya kwanta ba sadaka, alhakin na wuyansa. Ya ce ya ɗauka. Ni kaina haushinsa na ji, don ya bar ni a rataye, ban san kuka zan yi ko jira ba.

Ta Ɗan Barto Kawu ya tsallake iyaka, ta cikin gonaki, don jandarmomi masu tsaro na kan hanya. Mai shayin Daura ya ce shi ma wani mai gyaran takalmi a Fagge ya gaya masa. Mai gyaran takalmi ya ce shi dai ya daina ganin Habu a rumfar da yake kwana, kuma ya ga garuwarsa a kafaɗar wani. Mai garuwar ya ce ai saya ya yi, hannu da hannu, kuma wanda ya sayar masa na bayan kasuwa yana dako.

Can Kawu ya same shi, ƙashi da rai. Zazzaɓi ne ya kwantar da shi, ya sayar da garuwar ya sha magani, kunya ta hana shi dawowa hannu rabbana. Ya ma ji ana cewa ya mutu, ya ce gara haka.

Kawu ya ce, "Kai ka isa ka mutu ban gani ba? Wuce mu tafi!"

Ranar da suka shigo gida, na yunƙura zan yi guɗa, Kawu ya tare ni. "Dakata. Dube shi da kyau. Shi ne?"

Na ce, "Haba Kawu, wa zai ari waɗannan kunnuwa?"

"To yanzu ki yi."

Cikin nan shi ne Zainabu, wadda yanzu ke aiki a wata jaridar intanet a Damagaram. Na sha ganinta da labari mai zafi a hannu, ta ƙi sakinsa, tana buga waya nan da can wai sai mutum biyu da suka gani sun tabbatar. Tana ce mini ƙa'idar aiki ce. Ni dai dariya nake, don na san gidan da ƙa'idar ta fito.

Liman ya taɓa tsokanar Kawu a bakin masallaci. "Ilu, Aljannar da kake ta yi wa salla, wa ya gani?" Kawu ya ce, "Wannan Mai labarin ya isa."

Bara ina wurin Zainabu aka bugo waya daga Matameye aka ce Kawu ya cika. Ban san lokacin da bakina ya ce "wa ya gani?" ba. Ba wasa nake ba, so nake a ce mai shayi ne. Muka hau mota, muka tarar ba a kai shi ba. Na roƙa aka buɗe mini fuskarsa, na dube shi da kyau yadda ya koya mini. Na ce, "Na gani, Kawu."

Allah ya jiƙan Kawu Ilu, ya haskaka kabarinsa. Abu ɗaya tak ya yarda da shi a duniya bai gani ba. Ya Allah, ka nuna masa shi.