Ranar da na'ura ta ce ƙungiyar Baba ba ta balaga ba

Akwai wata rana a Argungu da ba za ta taɓa fita daga raina ba, ko da tsufa ya kwashe sauran. Lokacin ban daɗe da kama aiki a Birnin Kebbi ba, a wani ofishi mai duba tsarin aikin ƙungiyoyin manoma. An ba mu kwamfutar hannu mai wata manhaja: ka yi tambayoyi, ka shigar da amsoshi, ita kuma ta faɗi matakin da tsarin ƙungiya ya kai, daga na ɗaya zuwa na biyar. Sai aka tura ni ƙungiyar manoman shinkafa ta garinmu, wadda mahaifina ya kafa, shi ne kuma shugabanta.

Na je da sabuwar riga, ina ji da kaina. Dattawa suka zauna a rumfar bakin sito, ina tambaya suna amsawa. Wa ke tsara rabon ruwa a fadama? Baba. Wa ke zaɓen iri, wa ke raba gardamar iyaka? Baba. Da alfahari suke faɗa, shi kuwa yana ta shafa gemu. Tambayar ƙarshe ita ce, in mai yin aikin ba ya nan, wa zai yi? Wani tsoho ya ce, "Sai mu jira shi mana."

Na danna, allon ya yi ja, mataki na ɗaya. Turancin da ya fito na juya shi yadda ya zo mini a baki, na ce na'ura ta ce ƙungiyar ba ta balaga ba. Rumfar ta kwashe da dariya, ban da Baba.

"Mi kac ce? Ƙungiyar da tag girme ka, ita ta ba ta balaga ba?"

Na ce, "Baba, ba haka nika nuhi ba. Kamar shinkahwa, ba ta nina ba tukuna."

"To, mi ka hana ta nina?"

Na sunkuyar da kai, don amsar tana zaune a gabana da farin gemu. Ya dubi dattawan da suka wuni suna ambaton sunansa. Can ya ce, "Ni na ke nan." Wato shi ne. Sannan ya ƙara, kamar da kansa yake magana, "In shinkahwa ta kusa nina, janye mata ruwa aka yi."

Haka kuwa ya janye. A noman ranin shekarar ya miƙa rabon ruwa ga wasu, zaɓen iri ga wasu, ya koya musu, aka tsara komai yadda kowa zai iya bi. In an zo gida tambayarsa, sai ya mai da mutum wurin masu aikin. Abin ya yi masa ciwo, na sani. Inna ta ce bayan asuba yakan sa takalmin zuwa fadama, ya tsaya a zaure yana sauraron ƙarar injin ban ruwa, sannan ya tuɓe ya zauna.

Bayan rasuwarsa aka sake tura ni. Rumfar tana nan, ruwa yana kaiwa kowace gona, ba abin da ya tsaya. Da na zo tambayar ƙarshe, kafin in rufe baki sun ba ni amsa. Allon ya yi kore. Suka yi ta murna, ni kuwa na zagaya bayan sito na yi kuka mai isata.

Har gobe ina kewarsa, musamman in na hau hanyar Argungu na hango fadama ta yi shar. Ranar nan ta koya mini cewa aiki bai nuna ba sai ya iya tafiya babu mai shi, kuma mai son aikinsa da gaske ne kawai yake yarda ya kai shi nan. Na'urar tana da gurbin kowace amsa, amma ba ta taɓa tambayata wa ya tuɓe takalmi kafin allon ya yi kore ba.