Luguden da Ya Gina Ajinmu

Wata Asabar ce, a ƙarshen bazarar da ta biyo bayan ƙaddamar da shari'a a jiharmu, na kife turmi a jikin katangar gidanmu na hau, ina leƙen filin da ake gina ajin farko na ƙauyenmu, can bayan Sandamu. Maza sun yi layi tun daga inda aka shanya tubali har gindin gini, suna miƙa wa juna hannu da hannu, na ƙarshe ya cilla wa magini a saman bango. Sai dai aikin ya ƙi tafiya. Wannan ya miƙo, wancan bai shirya ba, tubali ya faɗi ya dagargaje. Ga hadari ya fara haɗuwa a gabas, kuma kowa ya san bangon ƙasa in ba a rufe shi ba, ruwan farko zai mayar da shi taɓo.

Babu wanda abin ya dama kamar ni. Yayyena maza suna zuwa makarantar Sandamu a ƙafa, ni kuwa Baba ya ce ba zai bar 'ya mace ta bi doguwar hanyar nan ta cikin gonaki ba. "In an yi aji a nan, ki shiga. In ba a yi ba, ki haƙura." Baba kuwa ba ya maimaita magana. Ina ɗebo ruwa, ina yanko wa awaki ciyawa, ina carafke da ƙawayena a zaure, amma duk hankalina yana kan bangon nan.

Samarin da suka dawo daga ci-rani ne suka kafa ƙungiyar taimakon kai da kai, ba wanda ya sa su, ba wanda ke biyansu. Sun yashe rijiya, sun cike kwazazzabon hanyar kasuwa, sannan suka ɗauko maganar aji. Shugabansu ƙanen mahaifiyata ne, Kawu Sale, mutumin kirki, amma in ya kama abu sai ya wuce gona da iri. Shi ya miƙe a taro ya ce tunda shari'a ta zo, ba za a kira makaɗi Ɗan Juma da gangarsa ba. To mu kuwa gayya da kiɗa muka san ta, ganga ce ke gaya wa hannu lokacin miƙawa da lokacin karɓa. Ɗan Juma ya bar gangarsa a gida, ya zo ya shiga layi kamar kowa.

A tsakar gida mata na dakan furar masu aiki. Gwaggo Tabawa, yayar Baba, wadda ko mai gari ke shakkar bakinta, ta hango ni ina share hawaye. "Ke Hajara, sauko mini daga turmin nan, kukanki ba zai ɗora kwano ba." Ta hau da kanta ta leƙa, ta yi tsaki. "Dubi Sale da mutanensa, sai ka ce waɗanda suka kwana da yunwa!" Nan take ta sa aka jera turame a jikin katanga, aka kira matan maƙwabta da taɓarensu, ni ma ta danƙa mini 'yar ƙarama. Sai ta tayar da lugude, dakan nan na gwaninta da mata ke haɗa taɓare a turmi guda, wannan na sauka waccan na tashi, a cilla taɓarya sama a tafa a cafe.

Wayyo daɗi! Ƙasa kanta sai da ta amsa. Ina dakawa ina dariya, gumi na shiga idona ban damu ba. Daga waje muka jiyo muryar Ɗan Juma: "Ku bi taɓarya, jama'a, ku bi taɓarya!" Da na samu zarafi na leƙa ta ƙofa, sai na ga layin ya zama tamkar mutum guda, tubali na gudu daga hannu zuwa hannu, magini na ihu a ƙaro masa kwaɓi. Kawu Sale ya ruga wurin liman, wanda ke zaune a inuwar darbejiya yana miƙar da tsofaffin ƙusoshi da guduma. "Allah gafarta malam, wannan fa?" Liman ko kai bai ɗaga ba. "Sale, ni dai gero na ji ana dakawa. Koma layi." Ya koma, kuma an ce kafin azahar har da shi a masu kaɗa kafaɗa.

Gero ya yi gari tuntuni, Gwaggo ta ce a ƙaro wani. Ranar har awaki sun sha fura a garinmu. Tafin hannuna ya kumbura ya fashe, na ɓoye kada a karɓe taɓaryar. Kafin magariba bango ya kai, washegari aka ɗora katako aka shiga buga kwano. Ruwa bai jira an gama ba, ya kece da la'asar saura kusurwa guda, aka rufe ta da zana da tabarmi. Ruwan ya ɗan ci wurin, shi ya sa ajin ya zauna a karkace, amma ya tsaya.

Da aka turo malami, ina cikin shara da safe Baba ya tsaya a kaina ya ce, "Hajara, wanke ƙafarki mu je." Na yar da tsintsiya na yi tsalle har na ture kwanon kokonsa, bai ko yi faɗa ba. Shi ya riƙe hannuna har ƙofar aji.

Yau ni ce malama a makarantar. Azuzuwan bulo ne, ɗan kwangila ya gina ya tafi, ba wanda ya san sunansa. Kwanakin baya iska ta yaye kwanon aji ɗaya, ga matasa cike da gari, amma kowa na jiran a zo daga sakatariya a gyara. Nakan tsaya ina kallon yaran da muka kwaso zuwa gindin bishiya, in ji kewar mutanen nan ta kama ni. Su ba su iya jira ba, shi ya sa na yi karatu.