Sunan da Giok-lan Ta So Wa Shagonta

Ni mai rubuta allunan shaguna ne a garin Lukang. Na tsufa a sana'ar, na rubuta wa maƙaryata "Gaskiya", na rubuta wa marowata "Yalwa", ban taɓa jin komai ba. Allo ɗaya ne har yau in na wuce shi nake kau da kai, na maƙwabciyata Giok-lan.

Mijinta ya daɗe da rasuwa. Tun tana budurwa take ɗinka takalman jarirai masu kan damisa, irin waɗanda kaka ke kai wa jika in ya cika wata. Kyauta take rabawa, har 'yarta Pei-shan ta taso ta hana ta sakat. Yarinya ce mai bakin tsiya. Ita ta karɓi zanen fuskokin, wata damisar da harara, wata da giɓi.

"Inna, damisoshinki duk kamar an yi musu rasuwa," take cewa. "Kawo in sa su dariya, mu buɗe shago."

Sun share ɗakin gaba, sun kafa kanta, sai babbar mota ta buge Pei-shan a kan babur. Ta rasu ba ta yi aure ba.

To, a wurinmu 'yar da ta mutu ba miji ba ta da wuri a teburin da ake jera sunayen kakannin gida da suka rasu. Yayan mijin Giok-lan, Tsoho Kho, shi ya sa aka kai sunanta wani ɗakin ibada a bayan gari, cikin baƙi. Ya ce haka aka gada. Gadon ne kuwa, amma ni ban ga abin da yarinyar za ta rage wa matattun tsofaffi ba.

Da shekara ta zagayo Giok-lan ta shigo wurina da katako a hammata.

"Malam Ong, rubuta mini Pei-shan. Manya-manya. Sun hana ta ciki, to ta zauna a saman ƙofa."

Kafin in jiƙa buroshi labari ya kai wa Tsoho Kho. Ya iso yana haki.

"Ke, kanki ɗaya kuwa? Takalmin jariri a ƙarƙashin sunan mamaciya? Wace kaka ce za ta taka ƙofar? Ga suna na karɓo miki wurin mai duba, Albarka Dubu."

"Yaya, kai ka sa wa shagon tayoyinka. Ya fi ni bukata."

Na san ta fuskar kasuwa yana da gaskiya, shi ya ƙara ba ni haushi. Na ce mata ko yau take so zan rubuta. Ta ce a'a, ba a ɗaga sunan mutum sama ba a tambaye shi ba. Ta roƙe ni in raka ta.

Muka je ɗakin ibadar da safe. Ta ajiye tsiren naman alade da mangwaro, abin da yarinyar ke so, ta kunna turare, ta ɗauki 'yan itatuwan nan biyu masu kama da jinjirin wata da muke tambayar matattu da su. In ɗaya ya kife ɗaya ya buɗe, an yarda. In duka suka kife, an ƙi.

"Shan-shan, Inna ce. In sa sunanki a shagonmu?"

Ta saki. Duka suka kife.

Ta yi 'yar dariya. "Ji min ja'ira. To, ƙanana, a gefen allon?"

Suka kife.

"Ko a ciki, bayan ƙofa, inda baffanki ba zai gani ba?"

Suka sake kifewa. Na ce mata, "Haba Giok-lan, itace ne fa. Daɓen nan ma a karkace yake."

"Da eh ta ce, za ka ce itace ne?" Ta tattara su ta mayar inda ta ɗauko. "Ba allon take ƙi ba, gidan ne. Ranar da suka fitar da sunanta daga gidan, ni na riƙe baƙar lemar da aka rufe shi da ita har mota. Ban ce uffan ba. Tana kallona."

Sai da muka kusa gida ta ce, "Rubuta na Yaya."

Na rubuta Albarka Dubu da ruwan zinare, zuciyata kamar ta fashe. Abin takaicin, shagon ya karɓu. Kakanni na zuwa har daga birnin Taichung, suna dariyar damisa mai giɓi, Tsoho Kho na yawo yana cewa sunansa ne ya jawo. Giok-lan ba ta musa masa.

Duk wata tana zuwa bayan gari da abinci, ta kunna turare, ta zauna ta ba yarinyar labarin unguwa kaf, wa ya haihu, wa ya yi faɗa da wa. Amma ba ta sake tambayarta komai ba.