Askar Makau

Shekara arba'in da wani abu Makau wanzami yana yawo da zabirarsa a Bukkuyum. Askin gidan su Arzika mai goro kuwa nasa ne tun mahaifin Arzika na raye. Duk jaririn da aka haifa a gidan, har Arzikan kansa, askar Makau ce ta fara taɓa kansa ranar suna. Ba ya gajiya da faɗin wannan, mu ne muka gaji da ji.

Sai tsufa ya shigo masa ta ko'ina. Gwiwa ta fara, har tsugunno ya zama aiki, baya ya biyo. Waɗannan duk ya shanye. Abin da ya karya masa zuciya hannun dama ne, wanda ya kama rawa tun daminar 2014, ko koko ya ɗauka sai rabi ya ƙare a riga. Cecilia malamar asibiti ta auna shi ta ce jininsa ya hau, ta ba shi ƙwayoyi, amma ba ta ɓoye masa ba, rawar hannun da wuya ta tafi. Manya suka riƙa zamewa, wai sun yi aski a kasuwar Gummi. Ƙarya ce, wajen Ɗanmusa suke zuwa, wanzamin da Makau ya shekara ashirin yana cewa ko akuya ba zai ba shi ya aske ba.

Da matar Arzika ta haihu, aka aiko masa da goro kamar kullum. Ranar suna ya wasa aska ya zauna a zaure, aka miƙo yaron cikin zane. Ya jiƙa kan da ruwan ɗumi, maɗigar tana bugawa ƙarƙashin yatsansa. Ya ɗaga aska. Bakinta na kaɗawa, kowa na gani, kowa ya kawar da kai don kunyar furfurarsa.

Makau ya daɗe a haka. Wallahi ya gaji, irin gajiyar da barci ba ya maganinta.

"Arzika," ya ce, "aika a kiro Ɗanmusa."

"Baba, ka ɗan huta tukuna."

"Na huta. Ɗiyan mutane ba abin gwaji ba ne."

Da Ɗanmusa ya iso ya fara kwance zabirarsa, Makau ya miƙa masa tasa askar. "Da wagga za ka yi. Ita ta aske ubansa."

Sannan ya gyara wa jaririn kwanciya a cinyarsa, ya tallafe kan da hannun hagu. Na daman kuwa ya danne shi a ƙarƙashin gwiwa har aka gama.