Batirin da ke Cikin Baffa Nababa

To ai shi ya sa nake ce maka kar ka yi mini dariya, batir ne a jikinsa, batir na gaske, nan saman ƙugunsa na dama ƙarƙashin fata. Na taɓa da hannuna. Bai fi akwatin ashana ba. Ni Aina'u aji uku na tsaya a sakandare, amma duk gidanmu ni ce mai riƙe da rimot ɗin batirin Baffa Nababa, ƙanin babanmu, don haka in na yi magana a saurara.

Shekara goma sha tara yana dako a kasuwar Dawanau. Buhun dawa, buhun wake, a ɗora masa a gadon baya ya hau katako ya jefa cikin tirela. Damina ta zo ya dawo ƙauyenmu nan gabas da Ɗanbatta ya noma gyaɗarsa. Shiru-shiru ne, sai ka zaci ba ya gida. Wata rana bayansa ya ce ƙas, ya faɗi da buhu a kansa.

Aka yi masa aiki a birni. Likitoci suka ce aiki ya yi kyau, ƙashi ya zauna. To ƙashi ya zauna, ciwo bai ji labari ba. Daga ƙugu har ɗan yatsan ƙafar hagu, ya ce kamar ana jan waya mai zafi ta cikin nama. Shekara huɗu mutumin nan a zaune yake sallah. Ƙwayoyi ya sha har idonsa ya yi ja. Gonarsa ta koma ta aro.

Alhaji Abdurra'uf, maigidansa na kasuwa, shi ya tafi da shi Masar da zai je ganin nasa likitan. A can suka zura wasu siraran wayoyi kusa da lakarsa, suka gwada mako guda da batir a waje. Da suka ga ya samu sauƙi suka binne batirin a ciki. Wai wuta ce 'yar mitsitsiya take bi ta jijiya, sai saƙon ciwon ya rikice kafin ya kai kwanya. Shi dai ya ce yam-yam yake ji kamar tururuwa na tafiya, ciwon kuma ya ragu fiye da rabi. Ba warkewa ba ce, an faɗa masa. Ɗaukar buhu kuwa, shi da ita har abada. Kuma suka ja kunnensa: kar wani ƙarfe ya taɓa wurin, in ya ɗauki ruwa sai an ciro komai.

Ranar da ya dawo ya sauko daga mota da ƙafarsa. Wallahi tsigar jikina ta tashi. Ran Juma'a ya tsaya a sahu, ya yi ruku'u, ya yi sujada. Maza suka dawo suna ta faɗa.

Duk kwana uku nake kai wani faifai kamar murfin kofi wurin mai cajin sola, in ya cika na kawo, ya ɗaura a ƙugu, batirin ya sha ta cikin fata. Ka ji fa! Ta cikin fata, ba rami ba komai.

Mutum ɗaya ce ba ta yarda ba, kakarmu Inna Hure, uwarsa. Ta haura tamanin, haƙora biyu, baki kamar reza. An yi mata bayani ya fi sau goma.

"Batir a cikin ɗan Adam? Rediyo na haifa?" in ji ta.

Ita a wurinta addu'a ce ta kama, ƙullin nan na ƙugunsa kuma ciwon ne ya tattaru wuri guda, mataccen jini, saura a zuƙe shi. Kuma a gidanmu duk gabanin damina sai an yi wa maza ƙaho, tun zamanin kakan kakanmu, don a shiga noma da jini mai kyau.

Ran wata Talata da hantsi na dawo daga rijiya na tarar da Malam Uzairu wanzami a gindin darbejiya, ya baje zabira, ƙahonni a jere. Baffa na kwance rub da ciki a tabarma, riga a naɗe. An riga an jiƙa wurin da ruwa. Daidai kan batirin!

Na dire bokiti. "Malam Uzairu, in askar nan ta taɓa shi wallahi sai na yi ihu gari ya taru!"

"Ji mini 'yar nema," in ji Inna. "Ke da ko tuwo ba ki iya tuƙawa ba, yau kin zama likita?"

"Ke tsohuwa, ɗanki za ki mayar kwance!"

"Ni na haife shi ko ke? Uzairu, tsaga."

Malam Uzairu ya latsa wurin da yatsa ya ce, "Inna, wannan jinin fa yana da kusurwa huɗu."

"Ya daɗe ne. Tsaga na ce."

Na dubi Baffa. Ka gane, mutumin nan tunda aka haife shi bai taɓa ce wa uwarsa a'a ba. Ko sunanta ba ya iya faɗa. Ya san abin da askar nan za ta jawo masa sarai, ya fi kowa sani. Na ɗauka zai yi magana yau dai. Sai ya ɗago kai a hankali ya ce, "Malam, dakata kaɗan. Aina'u, ɗauko abin nan ki kashe."

"Baffa, in kashe?"

"Kashe."

Na ɗauko rimot ɗin, na danna. Muka zauna. Inna na cewa, "To me aka yi?" Ba komai da farko. Kaji na ta kiwonsu. Can sai na ga yatsun ƙafarsa sun fara nannaɗewa. Gumi ya feso masa a ƙeya. Ya damƙi bakin tabarma har kabar ta karye.  Kusan rabin awa muna kallo. Ya yunƙura zai tashi, ƙafar ta ƙi, ya koma ya kifa fuska.

Inna ta san wannan kwanciyar. Shekara huɗu tana kallon ta. Ta juyo ta dube ni.

"Ke, kunna masa."

Na miƙa mata. "Ke za ki kunna. Nan, koren."

Ta danna da babban yatsa kamar mai kashe kwarkwata. Ta ɗora tafinta a kan ƙullin, ta bar shi a nan. Sannu sannu bayansa ya saki, numfashi ya dawo. Ya durƙusa, ya dafa gwiwa, ya miƙe tsaye a gabanta.

"La'ilaha illallahu," ta ce. "Allah da ya ba wa bawa wannan sanin." Ta share ido da gefen zani, ta harari wanzami. "Kai kuma me kake jira? Yi masa a kafaɗa, can nesa."

Bana shi ya shuka gyaɗarsa da kansa, yana yi yana hutawa. Rimot kuwa Inna ta ɗinka masa 'yar jaka, ita ke tashina in kai faifan nan caji, da zagi.

Ni har yau ban san wanne ya fi ba ni tsoro ba, batirin ko mutumin. Kalma ɗaya ce fa, a'a, ya gwammace ya koma cikin wutar nan da ya faɗa wa tsohuwa. Kai da kake karantawa, tsakani da Allah, akwai wanda za ka kashe wa naka batirin?