Ranar da Na Diro Sa Weji

Ranar da na fara tuƙi ni kaɗai, na manta ni ne direba.

Shekara uku ina yaron mota a tsohuwar motar kaya ta maigidana, ƙirar Kanta, muna jigilar shinkafa daga ƙauyukan Kirikasamma zuwa Haɗeja. Birkin hannunta ya mutu tun kafin a yaye ni. Don haka da ya taka birki sai in dira in tokare taya da weji, wato guntun icen nan. Ko atishawa ya yi, dira nake.

Da ciwon ƙafa ya kwantar da shi, sai ya miƙo min makulli. "Ɗan nan, idan ka ƙwarzane ta, ka koma bayan mota."

Na zaci gaban mota daɗi ne da shi. Ashe a saman buhu hira take, inda 'yan dako ke tsokanata. A gaba kuwa daga ni sai ƙarar inji. Na ba kujerar gefe labari biyu, ba ta yi dariya ba.

A wata 'yar gangara kusa da fadama shanu suka tare hanya. Na taka birki. Jikina bai yi shawara da ni ba, sai ganina na yi a ƙasa, weji a hannu. Mota kuwa ta ga ba kowa a kan birki, ta yi baya a hankali kamar mai jin kunya, ta zauna cikin taɓo.

Na juya in ga wa zai zage ni. Babu kowa. Makiyayin ma ya yi nisa. Daga hantsi har la'asar ina zaune a kan weji, ina kallon balbela. Na ɗauko waya ya fi sau ɗari ina mayarwa aljihu, don na san makullin nan zan rasa. A ƙarshe dai na kira maigidana.

"Baba, mota ta shiga fadama."

"Kana ina ta shiga?"

"Na sauka sa weji."

Ya ce, "To wa ka bar wa tuƙin?"

Tarakta ya turo ta jawo mu. Ya karɓe makulli, na koma bayan mota sati uku, wani yana ja. Da wancan ya tafi aikin rani aka dawo min da shi. Har yau ni kaɗai nake tafiya, weji yana kujerar gefe.